Ɗakin Auta da Bangon da Na Rushe

Mun tashi da asuba daga Gwammaja, ana idar da salla, mu uku: ni, da ƙanwata da muke ce wa Auta, da wani aminina kafinta da muka tsufa tare a wurin aiki. Zariya muka nufa. An ba ni labarin wata injiniya a can mai ƙera ƙananan gidaje gunduwa-gunduwa, a ɗauko a harhaɗa a inda mutum yake so. A aljihuna akwai igiya mai ƙulle-ƙulle, awon filin Auta ne da na hanyar shigarsa. Auta kuwa a bakin lungu ta tsaya jiranmu, ba ta shigo gida ba. Shekara goma sha tara ke nan ba ta wuce ƙofar gidan ubanmu ba.

Dole in faɗi dalili. Ni magini ne, ɗan magini. Da mahaifinmu ya rasu, na rushe gidan ƙasar da ya bari na yi na bulo da kwano. Na sare darbejiyar tsakar gida, na raba soro biyu na fitar da shago, hanyar shiga ta koma siririya mai kwana. Baba ya sha gaya mini cewa magini bai gama gida ba sai ya tabbata makara za ta fita. Na ji da kunne kawai. Ranar da Inna ta rasu a ɗakinta na ƙurya, makara ta shiga a karkace, da aka ɗora ta sai ta ƙi juyawa a kwanar nan. Ta kan katangar maƙwabta aka miƙa mahaifiyarmu, Auta tana kallo. Ɗakin Inna shi ne rabon Auta na gado, ta bar shi ya zama kango. Yanzu mijinta ya rasu, za a sayar da gidan da take haya, ga jikoki mata biyu a hannunta. Na roƙe ta ta dawo, ta ce za ta raka ni dai ta gani.

A Na'ibawa muka shiga mota. Da aka faɗi kuɗin kujera sai da kafinta ya tambaya ko har da abincin rana a ciki. Muka karya da koko da ƙosai a tsaye, ƙosan nan kamar maɓallin riga. Damina ta zauna sosai, daga Kura har Kwanar Gafan shinkafa ce shar hagu da dama, manoma cikin taɓo har gwiwa. Hanyar ta yi kyau a wurare da yawa, a wasu wuraren kuma sai direba ya sauka gefe mu yi ta rausaya. Kafinta ya ce zai kula mana da direba, kafin Kwanar Ɗangora ya fara munshari. Auta tana jikin taga da carbinta. A Tashar Yari na saya mata dafaffiyar masara, ta karɓa ta ce Allah ya amfana, ta ƙulle a gefen mayafi. Iyakar maganarmu ke nan har Zariya.

Wurin aikin yana bayan gari, wani fili ne da rumfar kwano da ƙarar zarto. Injiniyar ba ta kai sa'ar 'yata ta fari ba. Da ta ji daga inda muke sai ta yi dariya.

"Yau Kanawa ne suka zo koyon gini a Zazzau? Ku zauna, Baba, a kawo muku ruwa kafin ku fara neman ragi."

Kafinta ya ce ai mun zo duba bayinmu ne, mu ga ko suna aiki. Aka yi dariya, har Auta ta murmusa.

Ta kai mu gidan da suka kafa don nuni. Daga waje sai ka ce rumbu ne babba, taku bakwai ka ƙure tsawonsa. Amma da muka shiga, rana tana tsaka, sai na ji sanyin da rabona da shi tun ɗakin Baba. Bangon allo-allo ne, firam na katako an cika cikinsa da jar ƙasa da ɓuntun shinkafa an danne, an ɗaure kowane allo da ɗan'uwansa da noti. Rufin hawa biyu ne, iska tana ratsa tsakani. Can sama kusa da rufi akwai 'yan tagogi da zafi yake fita ta ciki. Indararo yana zuba a tanki, farantin sola ɗaya yana riƙe fitila da fanka. Gadon yara a jikin bango yake, da safe a naɗe shi a sami wurin zama. Ga ɗan madafi, ga banɗaki. In iyali sun ƙaru a ƙara allo, in za a tashi a kwance a ɗauka. Kafinta ya bi kowane haɗi yana ƙwanƙwasawa yana neman aibi, da ya rasa sai ya ce fentin ne bai yi masa ba.

Na shafa bangon na ce mata wannan ai ƙasar da na rushe ce. Ta ce ita ma wurin tsofaffin magina ta koya, noti kawai ta ƙara. Ni kuwa na gaji abin a gida na zubar.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda ta zauna da Auta da takarda da fensir. Ba ta fara da zane ba, tambaya ta fara: ina kike salla, ina kike ɗinkin hularki, ina yaran suke karatu, da itace kike girki ko gawayi? Auta da tun asuba ba ta magana sai ga ta ta karɓi fensirin tana nuni, tana cewa a bar mata fili ko na tabarma biyu ne inda za ta ga sama, a bar gurbin bishiya. Na gina gidaje ba iyaka, ban taɓa tambayar matar gida inda take son ganin sama ba.

Sai aka zo kan igiyata. Filin ya isa, har da rara. Da na nuna ƙullin faɗin hanya da inda kwanar take, injiniya ta gwada a jikin allo ɗaya ta girgiza kai.

"Baba, mutum biyu ne suke ɗaukar allon nan, lungun cikin birni ba ya hana shi. Amma wannan kwanar ba zai juya ba. Sai dai a miƙa ta kan katanga."

Ba ta san abin da ta taɓo ba. Auta ta ajiye fensirin.

"Yaya, inda Inna ba ta wuce ba, ɗakina ba zai wuce ba. Kuma ni ba za a miƙa ni ta katanga ba."

Shagon nan shi nake zama a ciki tunda ƙarfi ya ƙare, ina sayar da ƙusa da fenti, shi ne cefanena. Na daɗe da sanin abin da ya kamata, ina ta kewaye-kewaye. Na ce, "Auta, na zalunci Inna, na zalunce ki. Gobe in Allah ya kai mu bangon shagon zai faɗi." Ba ta ce ta yafe ba. Ta dai ɗauki fensirin ta ci gaba da nuna inda take son ƙofa.

Muka yi azahar a nan, muka ci tuwon masara da miyar kuka a wata rumfa, mai tuwon ta ƙara mana man shanu don ta ce baƙi ne mu. A hanyar dawowa ruwa ya kama mu tun daga Tashar Yari, direba yana goge gilashi da hularsa. Wajen Kura Auta ta kwance gefen mayafinta, ta karya masarar nan biyu ta miƙo mini rabi. Ta yi sanyi ta yi tauri, ga haƙorana saura kaɗan, amma na cinye.

Mun iso Gwammaja ana kiran magariba. Washegari na kwashe kayan shago na kai ɗakina, ni da kafinta muka sa diga. Bulon da na jera da hannuna ina saurayi ya fi ƙarfina yanzu, sai da muka yini. Da muka share, na je masallacin unguwa na aro makara, muka shiga da ita a miƙe har ƙurya, muka juyo muka fito ba ta taɓa bango ba. Maƙwabta suna ta tambayar wa ya rasu.

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne, kuma Baba ya riga ya faɗa: ƙanƙantar gida ba ta hana zama, toshe hanya ne yake korar mutane. Da la'asar na aika wa Auta. Ta zo ta tsaya a bakin lungu yadda ta saba, ta daɗe tana kallon soron. Sannan ta gyara mayafi ta yi sallama ta shiga.