Injin da Baba Ya Ce Na Kowa Ne

Ina aji huɗu na firamare aka kawo injin ban-ruwa gidanmu a Aliero, daidai lokacin dashen albasa. A bayan babur aka ɗauro shi daga kasuwar Jega, ja wur, yana ƙamshin sabon fenti, mu yara muna biye da gudu har ƙofar zaure. Baba da ƙanensa Baffa Umaru ne suka haɗa ƙarfi suka saya, domin gandu ɗaya suke nomawa. Maƙwabta suka taru sa albarka, daɗi ya kwashe Baba, ya ɗaga murya ya ce, "Injin ga na kowa na!" Kakata ta leƙo ta kan danga ta ce, "Mi kac ce, Sani? Abin kowa ba shi da mai shi. Ce naku na, kai da ɗan'uwanka." Aka yi dariya aka watse.

Mutane kuwa suka riƙe maganar Baba hannu bibbiyu. Wannan ya ɗauka da safe, wancan ya karɓa daga hannunsa, har daga garin Kimba an zo aro. Aikina bayan an tashi makaranta ya koma bin gona-gona ina cigiyar inda injin ya kwana. Kowa na zuba fetur daidai buƙatarsa, amma baƙin mai babu wanda ya taɓa canzawa, kowa na zaton wani ya yi. Albasa ta fara ƙwai, lokacin da ba ta jure ƙishi, sai injin ya buga. Muka koma jan ruwa da guga har hannuwanmu suka yi kanta, duk da haka rabin gonar ya ƙone. Baffa bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Tambaya ɗaya ya yi: "Yaya, wa yab ɓata shi?" Baba ya rasa sunan da zai kama. Kafin damina aka raba gandu.

Yau aikina tsara harshen da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi. Kwanan baya muka zauna zaɓen kalmomin da za su bambanta ma'ajiyar bayani iri biyu: wadda kowane sashe na manhaja zai iya taɓawa ya canza, da wadda wasu sassa ƙalilan ke tarayya a kanta. Abokan aikina suka ce gajeriyar kalma ɗaya ta wadatar ga duka biyun. Na kafe na ƙi. Ta tarayya na sa dole a jera sunayen masu ita. Ta kowa kuwa na ba ta doguwar kalma mai wuyar bugawa, da gangan, don mutum ya ɗan dakata kafin ya rubuta.

Suna yi mini tsiya wai ina tsoron kalma. Ina tsoro mana. Baba mutumin kirki ne, alheri ya nufa, kuma ina kewarsa ƙwarai. Amma har ya koma ga Allah, tsakaninsa da ƙanensa sai gaisuwa a ƙofar masallaci.