Majanyin da Ya Je Kano

Mun tashi daga Riruwai ana idar da sallar asuba, ni da surukata, da mijinta, ɗana na fari, a kishingiɗe a bayan mota. San huɗarsa ne ya tunkuye shi a ƙirji. Mai ɗorin garinmu ya taɓa, ya ce ƙashin tsakiyar ƙirji ne ya karye, ba inda zai ɗaura kara, mu nufi Kano.

Na taɓa jin wannan maganar, shekarar da ramin kuza ya rufto wa ubansa. Lokacin ba mota sai ranar kasuwa, shi kuwa bai kai ranar ba.

Kafin mu fito na buɗe adaka, na ɗauko majanyin saƙin da na goya shi da shi. Kunyar ɗan fari ta hana ni taɓa shi, sai na miƙa wa matarsa ta tokare masa ƙirji.

A dajin Falgore duk ramin da muka faɗa sai numfashinsa ya tsaya, nawa ma ya tsaya. Da birai ke tare hanyar nan, yanzu ramuka sun gaje su. Tudun Wada da rumfunan kara na san ta, na tarar da injinan shinkafa suna ruri. A Kwanar Dangora na taya rake, da na ji kuɗin na ce haƙora ne babu. Bebeji kuwa ban gan ta ba, idona na kan ƙirjinsa.

A asibitin Kano likita ya haska ƙirjin, ya ce ƙashin ya hau kan ɗan'uwansa yana danna ciki. Za su tsaga, su daidaita, su ɗaure da ƙarfe da kusoshi.

Na ce, "Ɗan nan, kusa a jikin mutum? Ƙofa ce?"

Ya ce, "Ƙofa ce mana, Iya. Zuciya ce a ɗakin."

Suka shige da shi, suka miƙo mini majanyin. Ina jan carbi har aka turo shi, ƙirjin na hawa yana sauka a hankali.

Ranar sallama malamar asibiti ta ce ya riƙa rungumar matashin kai in zai yi tari ko mota ta yi tsalle. Ya dube ni, ya ce, "Inna, ina abin nan?"

Ni na sa masa da hannuna, gaban kowa. Haka ya rungume shi har Riruwai.

Ina yawan kewar zamanin da, jama'a. Amma da nake wuce tsohon ramin kuzar nan na gane ba zamanin nake kewa ba, mutumin ne. Da akwai hanya da kusoshi a lokacin, da shi ne zai tare mu a ƙofar gida.