Buhu Marar Kunne

Shekara uku na yi ina jiran aiki bayan na gama karatun malanta a Zariya, kuma gaskiya ban sha wahalar jiran ba. A wajenmu, daga Gazara har cikin Makarfi, jiran aiki ma matsayi ne. Idan aka tambayi mahaifiyata me nake yi, sai ta gyara zama ta ce, "Yana jiran gwamnati," mai tambaya kuwa ya ce Allah ya kawo da alheri. Mun yi yawa ne, shi ya sa abin bai zama abin kunya ba. Kullum da hantsi mukan cika benci biyu a gindin wata darbejiya kusa da tasha, kowa da ambulan ɗinsa na takardu. Wasu na musun ƙwallo. Ni kuwa littattafan soyayya nake karantawa, irin waɗanda saurayi kan fito daga ofis yana kaɗa makullin mota, ba a taɓa faɗin abin da yake yi a cikin ofishin ba. Na ɗauka haka rayuwa take: mutum ya yi haƙuri zuwa tsakiyar littafi, ofis zai zo da ƙafarsa.

A wani biki a Nasarawan Doya na ga wadda ta ɗauke mini hankali. 'Yar Hunkuyi ce, a ƙasar Kudan. Ruwa kawai ta miƙo mini a kofin silba, amma har yau ban ƙara shan ruwa mai daɗinsa ba. Wata biyar ina tura mata dogayen saƙonni a waya, ina kiranta farin wata sha kallo, ita kuma ta amsa da, "To, na gode. Ka ci abinci?"

Da magana ta yi nisa, Baffana ya kai ni in gaida mahaifinta, wani Alhaji mai sayar da hatsi. Na durƙusa a bakin tabarma, suka yi ta gaisuwa har ƙafata ta yi sanyi. Sannan Alhaji ya ce, "To, Malam, yaron me yake yi?"

"Ai ya yi karatu, Alhaji. Yana jiran aiki."

Alhaji ya dube ni kamar ya ga wata sabuwar halitta. "Jira? Ikon Allah. Mu nan aikin ne ke jiran mutane. Shekaran jiya masara ta wuni a rana don babu mai ɗauka." Ya juya wajen Baffa. "Ba zan ba wa benci 'yata ba. Kafin a gama kaka in ji sana'arsa a bakin wani, ba a bakinku ba. In ba haka ba, akwai masu tambaya."

A mota Baffa ya ce mini, "Mutanen Kudan ke nan. Ko akuya a garinsu da uzurinta take tafiya."

Wani abokin zamana a benci ya rantse mini cewa a Ikara aiki kamar ƙasa, makarantu na neman malamai ruwa a jallo. Na goge kaftanina na tafi. Ina sauka a tasha sai na yi kiciɓis da wani saurayi, ambulan irin nawa a hammatarsa, yana ƙoƙarin shiga motar da na fito.

"Malam, daga ina?"

"Makarfi."

Fuskarsa ta washe. "Alhamdu lillahi. An ce ana ɗaukar malamai a can."

"Abin da aka ce mini game da nan ke nan."

Muka tsaya muna kallon juna. Daga baya ya fasa tafiyar, ya kai ni majalisarsu. Nasu bencin ya fi namu tsawo, har da ramukan dara a ƙasa. Mai shayin wurin, wani dattijo, ya ce mini na zo ba a kan lokaci ba. "Da ka zo lokacin tumatir, sai dai ka gaisa da ƙudaje. Samarin duk suna fadama. Tumatir na ƙarewa su dawo mini, su sha kofi ɗaya su uku. Naku fa?"

Na ce namu bai san damina ba, bai san rani ba. Ko lokacin rake da kowa ke rugawa gona, mu masu takarda muna nan.

"To, naku ya fi namu ciwo," in ji shi.

Kaka ta kusa ƙarewa, ni kuwa ba ofis ba alamarsa. Na yanke shawarar in je Hunkuyi in yi mata ban kwana irin na mutunci. Kwana biyu ina shirya kalaman. Ranar kasuwa ce, da azahar, ta fito ƙofar gida hannunta duk gari. Na fara da cewa ƙaddara ta riga fata, zuciyata kuma za ta zama kango har abada.

"Malam," ta katse ni, "ka iya riƙe allura?"

Na ce nakan ɗinke maɓallin rigata.

"Mai ɗinke wa Baba bakin buhu ya tafi Kano tun jiya. Baba na can shago yana faɗa shi kaɗai. Kangon zai iya jira zuwa la'asar."

Alhaji bai tambaye ni komai ba. Basilla ya miƙo mini da ƙullin igiya, ya nuna mini buhunan masara a jere, bakinsu a buɗe. Na cire hula na zauna. Na ce a raina, yau zan nuna masa bambancin mai ilimi. Na ninke bakin kowane buhu sumul kamar wasiƙa, na bi shi da ɗinki ƙanana ƙanana, a jere, ban bar ko ɗan tsini ba. Ina ɗinki ina tunaninta. Na gama fiye da goma kafin 'yan dako su iso.

Babbansu, wani ƙato mai furfura, ya kai hannu zai ɗaga na farko, hannun ya zame. Ya sake, ya zame. Ya zagaya buhun kamar mai neman ƙofar gida.

"Alhaji, wa ya yanke wa buhunanka kunne?"

A ranar na san cewa kowane buhu ana bar masa tsini biyu a gefe da gefe, a naɗe su da igiya, su ne kunnuwan da ɗan dako ke kamawa ya wurga shi a kafaɗa. Tun ina yaro nake ganin su, na ɗauka rashin iya ɗinki ne.

Mutum biyu suka rungumi buhu ɗaya, ya sulluɓe tsakaninsu ya zauna. Maƙwabta suka fara taruwa.

"Wannan ai matashin kai ne na ɗakin amarya."

"Malam, zo ka ɗauka, kai ka haife shi."

Na je na rungume shi. Ban san yadda aka yi ba, sai gani na a ƙasa, buhun a kaina, direban motar ɗaukar kayan na ta danna ham. Aka ce in warware duka. A nan wata matsalar ta ɓullo: ɗinkin ya ƙi warwaruwa. Babban 'yan dakon ya sa wuƙa yana gumi yana cewa, "Kai, wannan da zuciya ɗaya ya yi shi." Da ya huce, shi ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake murɗa kunnen, a naɗe sau uku, a bi baki, a ƙare a ɗaya kunnen.

 Da zan tafi Alhaji ya ce, "Gobe akwai dawa."

Na dawo gobe, na dawo jibi. Yatsuna suka fashe, suka warke, suka yi kanta. Kunne na koya, amma ƙananan ɗinkin nan ban iya dainawa ba, hannuna ya riga ya saba.

Saura 'yan kwanaki a gama kwashe amfani, wani direba mai kai kaya kudu ya tsaya a bakin shago, bai ma gan ni a bayan buhuna ba. Ya ce, "Alhaji, ina mai ɗinkin nan naka? Shi nake so ya yi mini na yau. Nasa ne kaɗai na kai ban share ƙwaya ɗaya a bayan mota ba."

Alhaji ya ci gaba da aunar wake kamar bai ji ba. Sai da la'asar, ina wanke hannu a bakin randa, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Ka ce wa Baffanka ya zo ranar Juma'a in an sauko daga masallaci. Basillar kuma ka ajiye ta a nan, ta shago ce."