Shabakar Dar Salam

Aikina a ofishinmu na Khartoum ɓarna ne. Abokan aiki su rubuta manhaja, ni kuma in lalata mata layin sadarwa, wato shabaka, da gangan. Saƙon waya gunduwa-gunduwa yake tafiya, sai in sa kwamfuta ta riƙa zubar da gunduwa ɗaya cikin goma, mu ga ko manhajar za ta lura ta sake aikawa. Ina ji da kaina a wannan aiki, ba na ɓoyewa.

Lokacin muna haɗa wa ungozomomi manhajar aika awon jinin masu ciki ga likita. Ta ci duk jarrabawata. Wata Juma'a na kai wa gwaggona a unguwar Dar Salam, tsohuwar ungozoma, wadda ke duba ƙanwata mai cikin wata bakwai.

Ta danna, ta jira. Manhajar ta ce saƙo ya tafi. Muka kira asibiti, babu abin da ya iso. Na hau yi mata bayanin ɗaya cikin goma, ta katse ni.

"Ya waladi, ɗana, wa ya ce maka shabakar nan ɗiga take yi? Tafiya take ɗungurungum. Sai ka dafa shayi ka shanye ba ta dawo ba."

Na ji haushi. Ta ajiye mini kujera a tsakar gida, na wuni ina rubuta lokacin da layi ya ɗauke da lokacin da ya dawo. Ashe layin da nake ɓatawa a ofis ya fi nata lafiya.

Na koma na sake tsara ɓarnata da dogon shiru irin na Dar Salam. Manhajar ta faɗi warwas. Abokan aiki suka yi ta tsaki, amma suka gyara: yanzu saƙo yana zama a waya, yana ta gwadawa, har sai asibiti ya ce ya karɓa.

Bayan makonni jinin ƙanwata ya hau da rana tsaka, ga shi babu layi. Gwaggo ta danna, ta ɗora wayar a taga. Da layin ya leƙo na ɗan lokaci, saƙon ya fita, likita ta kira ta ce a kawo ta yanzu-yanzu.

'Yar da ƙanwata ta haifa, yau ga ta tana tafiya, ba ta barin wayata ta huta. Na gode wa Allah, na gode wa gwaggo. Duk sanda na faɗa mata haka, sai ta turo mini kofi.

"Halas, ya isa, sha shayinka kafin ya huce."