Turken da Zai Shekara Ɗari

Ina zaune a shagon kafinta ana gyara mini ƙafar kujera, sai ga wani dogon mutum, taɓo har gwiwar wandonsa. Yana ɗaukar katako ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne. Haka malaminmu na labarin ƙasa a makarantar mishan yake yi wa ƙwallon taswirar duniya, sai dai shi ba ya lasa. Wannan har lasa yake yi.

Turke yake nema, in ji shi, wanda za a kafa a bakin tafki ana auna hawan ruwa da saukarsa har shekara ɗari. Masu karanta awon ƙarshe ko iyayensu ba a haifa ba. In gara ta ci turken, aikin kowa ya tashi a banza. Ina jin matarsa ta daɗe da daina tambayarsa yaushe zai gama.

Ya rungumi wani katako. "Maigida, ka tabbata wannan zai kai?"

Kafinta bai ko ɗago ba. "Ranka ya daɗe, in ya ruɓe kafin lokacin, ka dawo da shi da kanka, in canja maka."

Mutumin ya yi dogon nazari.

"To, ƙarfe nawa kuke buɗe shago?"