Uwar Makullai Za Ta Ajiye Aiki

Kafin direban farko ya shigo harabar sito, ita ta riga ta goge teburinta, ta ɗora butar shayi, ta zauna a gindin allon katakon da ake rataye makullan motoci. Aikinta a bakin kamfani shi ne raba tafiya: wace mota za ta ɗauki wane kaya, wa zai ja ta, ina za a sauke. Direbobi ba su da lokacin wannan dogon bayani, sai suka laƙaba mata Uwar Makullai, sunan kuma ya bi ta har ya danne na yanka. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ni matar ɗaya daga cikin direbobinta ce, kuma na ƙi yarda ta fita ƙofar nan shiru.

Ba ta miƙa makulli ta taga. Dole ka shigo, ka zauna, ka karɓi kofi, ta ja ka da hira a kan ƙafar mahaifiyarka ko haƙorin autanka. Sababbin direbobi kan ɗauka son surutu ne irin na tsufa. Tsofaffin hannu sun san idonka take karantawa, tana kuma lura da yadda kofin ke zama a hannunka.

Mu matan direbobi a bakinta muka koyi yaren sufuri, don ita muke bugo wa waya idan shiru ya yi yawa. In ta ce yana layi, ba a ma fara yi masa lodi ba, kada ki wahalar da tukunyarki. In ta ce ya sauke, kaya sun isa hannun mai su, sai ki yi hamdala. In ta ce zai dawo fanko, bai samu kayan dawowa ba, ki shirya tarbar mutum mai ɗaurarriyar fuska. Ba ta kuma rufa wa kowa ƙarya. Wata amarya ta taɓa ce mata, "Inna, ya ce min yana kan hanya." Ta ce, "To, 'yata, motarsa dai ga ta nan ina kallonta. Sai dai in a ƙafa ya tafi."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne shekarun baya, wata rana da tsaka. Maigidana ya dawo daga doguwar tafiya, bai ko leƙo gida ba, sai aka ce akwai kayan gaggawa, 'ya'yan itatuwa ne da ba sa jira, na wani babban kwastoma. An gama lodi, an ɗaure tamfol, direban da aka tsara ya kwanta rashin lafiya, sauran duk suna hanya. Manaja ya ce a ba maigidana. Shi kuwa gogan, da ba ya iya cewa ya gaji ko ana yanka shi, ya ce ya amince.

Ya shiga karɓar makulli, ta zuba masa shayi kamar kullum. 'Yan dako da ke bakin ƙofa sun ce kofin rawa yake a hannunsa, idanunsa sun yi jawur. Ta ciro makullin daga allo, ta ƙulle shi a bakin zaninta.

"Inna, wane irin wasa ne wannan? Ni fa ƙalau nake."

"Ƙalau kake, hannunka ne bai ji labari ba. Zauna."

Manaja ya shigo yana kumfar baki. Ya ce kayan za su ruɓe, kwastoma zai gudu, kuma ita za ta ɗauki laifin. Ta ce, "Ranka ya daɗe, na ɗauka. Kaya in sun ruɓe gona na nan. Wannan in ya kife, ni ce zan bugo wa matarsa, kuma ban san da wane baki zan faɗa mata ba." Maigidana ya zauna a benci don ya ci gaba da musu. Ya fara da cewa shi tun kafin a haifi wasu yake tuƙi, bai kai ƙarshen maganar ba kansa ya jingina da bango. Ta bugo min ta ce, "Zo ki kwashi kayanki, ya sauke a ofishina."

Motar ba ta tashi ba sai washegari. Rabin kayan ya lalace, kwastoman ya koma wani kamfani, ita kuma aka dakatar da ita na ɗan lokaci. Ƙarin girman da kowa ya san nata ne aka ba wani, bai kuma sake zagayowa ba. Maigidana ma ya daɗe yana gaishe ta sama-sama, wai ta zubar masa da mutunci a gaban 'yan dako. Ita ko a jikinta, ta ci gaba da zuba masa shayi har ya gaji ya sauko.

Inna, ke ce uwar da ba ta haife su ba amma take ƙirga numfashinsu. Babu wanda zai ba ki lambar yabo, domin hatsarin da bai faru ba ba ya shiga labarai. Duk wanda aka ɗora a kujerarki, da duk mai riƙe da makulli a kowane sito, ina roƙonsa ya kalli idon direba kafin ya kalli agogo, ko da hakan zai ci masa muƙami kamar yadda ya ci miki.

Ba ni da hujjar cewa da ya tafi ran nan ba zai dawo ba, ke ma ba ki da ita, kuma kin biya kuɗin rashin hujjar ke kaɗai. Na gode, Inna, Allah Ya ba ki hutu mai daɗi. Autarmu da aka haifa bayan waccan shekarar ta san fuskar ubanta, kuma yau da safe shi ya riƙe hannunta ya kai ta makaranta.