Bencinan Malam Nata'ala

Malam Nata'ala ya kusa shekara ashirin yana shugabancin sakandaren Garin Albarka, wani ƙauye a bayan Kiyawa, amma ba a taɓa kiransa shugaba a takarda ba. Duk inda ya sa hannu sai ya ƙara da "mai riƙo" a ƙarƙashin sunansa. Tun mutanen gari suna cewa Malam mai riƙon ƙwarya, har suka gaji suka taƙaita shi zuwa Malam Riƙo. Yaran aji ɗaya da yawa sun ɗauka sunan yanka ne.

Ɗan manoma ne. Mahaifinsa ya ba da shi boko ne don shi ya fi kowa rashin ƙarfin riƙe garma a gidan. Ya yi makarantar horon malamai, ya dawo yana koyar da lissafi, yana noma gero da wake a gefe, ba ya faɗa da kowa. Shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano, shugaban makarantar, wanda mutumin can yammacin Kano ne, ya tattara kayansa zai koma jiharsa. Ya duba malaman da suka rage, ya miƙa wa Malam Nata'ala makullai ya ce, "Riƙe nan kafin a turo wani." Ba a turo ba. A lokacin Dutse kanta neman inda za ta ajiye teburan ma'aikata take yi, ba ta ta Garin Albarka.

Abu ɗaya Malam Nata'ala yake so kafin ya yi ritaya, shi ne a cire masa wannan "mai riƙo". Ba don komai ba sai don ya sa hannu sau ɗaya a rayuwarsa, ya ɗaga alƙalami ba tare da ya ƙara wani abu ba. Yakan je Dutse ya tuna musu, a ce masa maganar tana kan tebur. Matarsa Larai ta taɓa tambayarsa ko teburin nan ba shi da ƙafa ne, da har yanzu bai iso ba.

Makarantar kuwa ba ta da bencina. Da ya karɓe ta akwai su, amma gara ta ci wasu, yara suka karya wasu, ruwan da ke zuba ta kwanon da ya huje ya ƙarasa sauran. Ɗalibai suna zama a ƙasa, masu dabara su zo da bulo ko gutun tabarma. Wannan ne ke hana Malam sukuni, domin a can sama an san ya karɓi makaranta da bencina, shi kuma bai ga yadda zai kai gara gaban hukuma ta ba da shaida ba.

A zamanin soja, idan aka ce za a zo bincike, to, wani zai bar aiki, wani ma sai ya kwana a bayan kanta. Soja suka tafi, kalmar ba ta tafi ba. Da aka ƙaddamar da shari'a sai ta ƙara nauyi. Malamai suka riƙa tsokanar juna a gindin darbejiya, idan mutum ya sa ragowar alli a aljihu sai a ce masa ya yi wa hannunsa sallama. Malam Nata'ala yakan yi dariya tare da su, sannan ya koma ofis ya kalli azuzuwan ta taga.

A cikin wannan hali ne wata ranar Talata ɗan acaɓa ya sauke wani saurayi a ƙofar makaranta. Sunansa Misbahu, ɗan Yalwawa ne a cikin Dutse, yana digiri na biyu a wata jami'a, kuma kundinsa a kan hanyoyin inganta makarantun sakandare na karkara ne. Yaro ne mai ladabi da saurin gumi. Ya ga bai kyautu ya yi wa sa'an mahaifinsa Turanci ba, don haka ya durƙusa ya gaishe shi da Hausa.

"Allah gafarta Malam, na zo ne da izinin ofis daga Dutse. Bincike zan yi a kan yadda ake tafiyar da makarantar nan."

Malam Nata'ala ya gyara zaman hularsa. "Bincike?"

"Bincike, ranka ya daɗe. Kayan aiki, wurin zaman ɗalibai, yadda shugaba ke kula da dukiyar makaranta. Yau gaisuwa kawai na zo. Sai bayan Sallah zan fara."

"Madalla," in ji Malam. Ya raka shi har bakin titi ta hanyar da ba ta bi ta gaban azuzuwa, ya tsayar masa da babur da kansa.

Da Misbahu ya ce nazari, da Malam ya shiga da shi aji-aji ya nuna masa ƙasar da yara ke zama, wataƙila har ya roƙe shi ya rubuta da manyan baƙaƙe. Amma bincike ya ce.

Washegari Malam Nata'ala ya hau kekensa sai Rijiyar Uwaisu, ƙauyen da ke gaba, inda taubashinsa Malam Bubayero ke shugabancin sakandare. Shi Bubayero cikakken shugaba ne, kuma bai taɓa barin Nata'ala ya manta da haka ba.

"A'a, Riƙo bawana! Yau kai ne da keke a rana? Ko an tabbatar da kai ne ka zo in sa maka albarka?"

"Kai dai bari, Bube. Bincike aka turo mini."

Bubayero ya daina dariya. Ya leƙa waje, ya rufe ƙofa. "Me ka ci?"

"Ni ban ci ba. Gara ce ta ci."

"To, ai gara ba ta da hannun da za a yanke." Ya dawo ya zauna. "Bencina kake so ko? Ɗauka. Yarana su ɗanɗana zaman ƙasa, su san yadda naka suke ji. Amma ka dawo mini da su, bawa ba ya cin kayan ubangidansa."

Aron kaya kafin zuwan baƙi ba sabon abu ba ne tsakanin makarantu, har malamin kimiyya an taɓa arowa. A hutun Sallah amalanke suka yi ta jigila tsakanin ƙauyukan biyu. Sai dai kowane benci yana ɗauke da haruffan Rijiyar Uwaisu da farin fenti a gefensa. Malam Nata'ala ya sayo koren fenti a Kiyawa, ya naɗe hannun riga, ya shafe su da kansa. Larai ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya shafa wa ƙofar gidansu ko farar ƙasa ba.

Misbahu ya dawo ya tarar da makaranta kamar amarya. Ya zauna a bayan aji yana rubutu, ya tashi da koren fenti a bayan rigarsa, ya ɗauki hakan a matsayin alamar ana gyara a kan kari. Kullum akwai tuwo da miyar kuka da man shanu daga gidan Larai. Da ya zo yi wa shugaba tambayoyi, ya ce, "Malam, wace matsala ce ta fi damun makarantar nan?"

"Babu."

"Ko ta wurin zama?"

"Ai ka gani da idonka."

"Mene ne sirrin adana kaya haka?"

Malam Nata'ala ya yi tunani, ya ce, "Fenti."

Misbahu ya rubuta. Abin da bai faɗa ba, don ba wanda ya tambaye shi, shi ne kundin nasa kwatanta makarantu biyu zai yi. Daga Garin Albarka kai tsaye ya wuce Rijiyar Uwaisu, kafin amalanke su juya. Ya tarar da yara reras a ƙasa. Ya gaishe da Malam Bubayero, ya ce ya zo bincike. Bubayero ya san ba da aron kayan gwamnati ba da izini ba laifi ne, faɗar inda suke kuma tona asirin taubashinsa ne. Da aka tambaye shi bencina, sai ya ce, "Sai haƙuri." Misbahu ya rubuta wannan ma. Bayan tafiyarsa shugabannin biyu suka yanke cewa kada a motsa ko benci ɗaya sai ƙura ta lafa, domin mai bincike yana iya dawowa.

Kundin ya fito da kyau. Ya nuna cewa makarantu biyu maƙwabta, masu kason kuɗi iri ɗaya, ɗaya ta adana kayanta saboda nagartar shugabanci, ɗaya ta salwantar. Misbahu ya kai kwafi ofis a Dutse don godiya, da zaton za a jefa a kabad. Aka yi rashin sa'a, lokacin ana shirya wani tsari na tallafa wa makarantun karkara, ana neman abin dogaro, sai wani ya karanta.

Saƙo biyu suka fito. Rijiyar Uwaisu za ta samu sababbin bencina, amma shugabanta zai bayyana gaban kwamiti ya faɗi inda tsofaffin suka shiga, in bai gamsar ba a miƙa shi gaban alƙali. Garin Albarka ba ta bukatar komai. Shugabanta kuma za a tabbatar da shi, ya zo Dutse ranar zaman kwamitin ya karɓi takardarsa, ya yi wa sauran shugabanni jawabi a kan adana kayan gwamnati.

Malam Nata'ala ya dawo gida da la'asar ya zauna a kan turmi. Larai tana tankaɗe, ba ta ɗago ba ta ce, "Teburin ya iso ke nan."

"Ya iso."

"A kan bencin Bube."

"Bai ga laifina ba, Larai. Na aika masa, ya ce in je in karɓi takardata, shi zai ce gara ta ci."

"To, Malam, in ka karɓo sai ka riƙa sa hannu da kyau. Ni dai ba ni zan kai wa gwaggonka, uwar Bube, labari ba."

Ranar kwamiti, motar Kiyawa ta shiga Dutse da koren benci ɗaure a samanta. Malam Nata'ala ya ɗauke shi a ka tun daga tasha. Masinja ya so hana shi shiga, Malam ya ce kayan jawabi ne. A cikin ɗakin akwai Darakta da 'yan kwamiti, Bubayero yana gefe a tsaye, Misbahu kuma an gayyato shi a matsayin mai binciken, yana zaune da sabuwar riga.

Malam ya dire bencin, ya yi sallama, ya zaro wuƙar fiƙe fensir ya shiga kankare gefensa. Koren ya riƙa zuba a kan kafet har fararen haruffan Rijiyar Uwaisu suka fito.

"Ranka ya daɗe, sauran ma duk haka suke. Nasa ne. Ni na aro, ni na shafe."

Darakta ya sa tabarau ya duba bencin, ya duba kundin da ke gabansa. "Amma Malam, bincike ya nuna naka ne."

"Binciken bai kankare ba, ranka ya daɗe."

"Me ya sa ka aro?"

"An ce mini bincike za a yi."

Duk aka juya ga Misbahu. Gumi ya riga ya jiƙa sabuwar rigar. Ya miƙe, ya buɗe baki, da ƙyar ya ce, "Ni na makaranta nake nufi. Nazari." Malam Nata'ala ya dube shi ba da fushi ba, ya ce, "Ayya. Da ka faɗa, ɗana."

Bubayero ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi masa sassauci. Bawana ne, tun yana yaro ba shi da wayo."

Aka sallami Bubayero da gargaɗi. Takardar tabbatarwar, wadda ke kan teburin a gaban kowa, Darakta ya mayar da ita cikin aljihun tebur, ya ce za a sake duba maganar. Jawabin ma aka fasa. Sababbin bencina kuwa an riga an rubuta Rijiyar Uwaisu, can aka kai su. Da Bubayero ya ga ba shi da wurin zuba kashi biyu, sai ya nemi izini a rubuce, aka yarda tsofaffin su ci gaba da zama a Garin Albarka a matsayin aro.

Misbahu ya samu digirinsa, domin an riga an ɗinke kundin, yana nan a ɗakin karatu yadda yake, da maganar fenti a babi na huɗu. Ya nemi ya rubuta gyara, aka ce masa sai dai in zai yi wani digirin. Tun daga ranar bai ƙara furta kalmar nan a gaban dattijo ba, ko makulli ya ɓata masa sai ya ce yana dubawa.

Malam Nata'ala ya ci gaba da sa hannu yana ƙarawa da "mai riƙo" har ya yi ritaya ya koma gonarsa. Wanda aka turo ya gaje shi matashi ne, ya zo da takardarsa ta cikakken shugaba tun daga Dutse. Suna zagaya azuzuwa ranar miƙa makullai, sai ya tsaya a kan wani benci mai kankararren gefe, ya karanta haruffan.

"Baba, waɗannan namu ne kuwa?"

"Riƙo ne," in ji Malam Nata'ala. "Ka dai riƙa duba gara."